Likita da Alƙalami

Duk wanda ya zauna a ajin rubutattun waƙoƙi a wannan jami'a tamu, ko da na zango ɗaya ne, ya san Malam Sa'adu Zungur. Mun san shi mawaƙi, mun san shi ɗan siyasa, mun kuma san shi malami masanin Larabci wanda bakinsa ba ya shakkar kowa. Mukan zauna mu yayyanka baitocinsa mu fitar da karinsu, mu bi amsa-amo, mu yi ta gardama a kan ko mulukiya yake so ko jumhuriya, har malami ya gaji ya ce a tashi. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa wanda mukan tsallake a layi ɗaya kamar mai tsallake kwata, watau cewa aikin da ya fara cin abinci da shi aikin lafiya ne. Ni kuwa a ganina, a cikin wannan layi da muke tsallakewa mabuɗin waƙoƙin nasa yake, kuma a kan haka nake so in ɗan ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

Abin mamaki, wanda ya nuna mini wannan ba Bahaushe ba ne, bai ma taɓa jin sunan ƙasar Hausa ba watakila. Wani likitan ido ne na ƙasar Filifin, Hose Rizal, wanda aka harbe kusan shekara 20 kafin a haifi Sa'adu. Daga bakin wani kawuna na Kazaure na fara jin sunansa. Shi kawun nawa ya yi sakandare ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin Kazaure tana cikin tsohuwar Jihar Kano, gama sai a 1991 aka yanke Jigawa. A wancan zamani makarantunmu cike suke da malamai baƙi, 'yan Indiya da Pakistan da Gana da Filifin, saboda namu na gida ba su isa ba. Malaminsu na kimiyya mutumin Filifin ne, yakan fito da wani kwabon ƙasarsu ya nuna musu, ya ce wannan kai da ke jiki ba na sarki ba ne, ba na soja ba, na likita ne. Kawu ya ba ni wannan labari ne don ya kwaɗaita mini karatun likita, a lokacin da ya ji na ce Hausa zan karanta. Har yanzu ina jin muryarsa: “Haba ɗan nan, Hausar da ka sha a nono ita za ka tafi jami'a ka koyo?” Da na zo na bi diddigin mutumin kan kwabon, sai na tarar kawu rabin labarin ya riƙe. Ba don wuƙar fiɗa aka sa kansa a kuɗi ba, don littattafai biyu da ya rubuta ne.

Bari in ɗan ba da labarinsa, don na san yawancinmu ba mu haɗu da shi a kwasa-kwasanmu ba. Filifin tsibirai ne sama da 7,000 a gabashin duniya, kuma Turawan Sifaniya sun mallake su sama da shekara 300. An haifi Rizal a garin Kalamba a 1861. A ƙasar tasu, limaman coci 'yan Sifaniya su ne masu manyan gonaki, su ne masu makarantu, sau da yawa maganarsu ta fi ta gwamna ƙarfi. Yana yaro aka yi wa mahaifiyarsa sharri aka ɗaure ta sama da shekara biyu. Daga baya idonta ya soma mutuwa, yana ta rufe shi, wannan kuwa yana cikin abin da ya karkatar da ɗan nata ga ilmin ido. A 1882 ya hau jirgin ruwa ya tafi Madrid, ya sami takardar likita a 1884. Bai tsaya nan ba, ya wuce Faris ya zauna ƙarƙashin wani shahararren likitan ido, Luwi de Wecker, sa'an nan ya ƙetara Jamus ya yi aiki da Otto Becker a garin Heidelberg. Da rana yana duba idanun Turawa, da dare yana rubutu cikin sanyi da ƙarancin guzuri. A 1887 aka buga littafinsa na farko a Balin, da kuɗin da wani abokinsa ya ranta masa.

Sunan littafin Noli Me Tangere, da Latin ke nan, ma'anarsa kada ka taɓa ni. Kalmomin daga Linjila suke, amma likitocin da can sukan kira wani mugun ciwon daji da wannan suna, irin wanda ko an ɗan shafa shi sai mai shi ya yi ƙara. Ka ga tun daga bango likita ne yake magana. Ƙasarsa ya ɗauka a matsayin majinyaci, ya kware mata zane a bainar jama'a, ya nuna gyambon da kowa ya sani amma ba mai iya faɗi: zaluncin limamai, da cin hancin ma'aikata, da kuma rawar kan 'yan ƙasa masu kwaikwayon Bature. Hukuma ta hana karanta littafin, mutane suka shiga karanta shi a ɓoye. Ya koma gida a wannan shekara, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Kalamba, mutane suna ce masa likitan Jamus, amma bai yi shekara ba zama ya gagara, ya sake ficewa. A Landan ya shiga ɗakin karatu na Gidan Tarihin Biritaniya ya tono wani tsohon littafi na 1609 a kan Filifin, ya yi masa sharhi don ya nuna mutanensa suna da sana'a da fatauci da rubutu tun kafin Bature ya zo. A 1890 ya rubuta wata maƙala a kan lalacin da Turawa suke zargin 'yan Filifin da shi, inda ya ce lalacin alama ce ta ciwo, ciwon kansa kuwa shi ne mulkin da ke hana mutum cin guminsa. Mu da muka karanta abin da wasu Turawan mulki suka rubuta a kan talakan Hausa, wannan zargi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Littafinsa na biyu ya fito a Beljiyam a 1891, daga nan ya tafi Hong Kong ya kafa aikin ido, a can ne ma ya yi wa mahaifiyarsa aiki.

To, sai na tambayi kaina, wane ne Rizal ɗinmu? A nan ne na ga abin da mulkin Ingilishi ya yi wa Arewa. Abin da ya taru a jikin mutum ɗaya a Filifin, a wurinmu sai da aka raba shi tsakanin mutum biyu.

Bature ya ci Kano a 1903, amma bai yi gaggawar koya wa ɗan Arewa likitanci ba. Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922, malaman makaranta da ma'aikatan En'e aka kafa ta ta fitar. A fannin lafiya kuwa, abin da ake so daga ɗan ƙasa shi ne ya zama malamin asibiti mai ba da magani da wanke gyambo, ko mai yin lamba lokacin agana, ko duba-gari. Likita sosai Bature ne, yana babban gari. Ƙaramar masarauta irin tamu ta Kazaure, wadda take cikin Lardin Kano a lokacin, wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ɗakin shan magani sai a kama hanyar Kano da shi, tafiyar kusan mil 50, balle kuma a ce daga ƙauyukan Gwiwa aka ɗauko shi. Tsofaffinmu har yanzu suna ba da labarin shekarun sanƙarau da na agana, da yadda kurkunu yakan kwantar da magidanci daidai lokacin da gona take nemansa.

Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912. Ta Wusasa ya bi, watau unguwar mishan da ke gefen Zariya, inda Dokta Walter Miller ya yi zamani. Shi Miller ɗin ma likita ne mai alƙalami, gama yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Daga Wusasa Dikko ya tafi Kwalejin Sarki ta Ikko, daga nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo ya shiga aikin gwamnati a 1940. Abin lura a nan shi ne, ƙofar da ta kai shi Ingila ba ta gwamnatin mulkin mallaka ba ce, ta mishan ce, ƙofar kuwa da yawancin iyayenmu Musulmi ba za su tura 'ya'yansu ta cikinta ba. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ma ta Wusasa ya bi ya zama likita.

Shi kuwa Sa'adu, ɗan gidan malamai ne na Bauci, an haife shi a wajejen 1915, ya sha karatun zaure sosai kafin da bayan shigarsa boko. Ya yi Kwalejin Katsina, a 1934 kuma ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Ita wannan kwaleji tun ranar buɗe ta 'yan bokon Ikko suke ƙorafi a kanta, domin takardar likitancin da take bayarwa ba ta aiki a wajen Nijeriya, wanda ya gama kuma mataimakin likita za a kira shi, ya zauna ƙarƙashin Bature ko da ya fi shi iya aiki. Sa'adu bai fito daga Yaba da takardar likita ba. Ya dawo Arewa ya shiga aikin lafiya, ya koyar a makarantar horar da duba-gari ta Kano, daga baya aka kai shi Zariya ya ci gaba da horar da ma'aikatan lafiya. A Zariya ne ya fara tara matasa 'yan boko ana tattauna al'amuran ƙasa, a can kuma Malam Aminu Kano ya shaƙu da shi. Da rashin lafiya ya mai da shi Bauci, bai kwanta ba, da shi aka yi Majalisar Taɗi ta Bauci a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, tare da su Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har sai da tambayoyinsu a kan mulkin En'e suka yi wa hukuma zafi aka rufe majalisar.

Ina so mai karatu ya tsaya ya tuna ko wane ne duba-gari. Na tambayi tsofaffi a Kazaure, ba wanda ya ambace shi da fara'a. Shi ne mutumin da yake shiga gida har ƙurya, ya buɗe randa ya leƙa ko akwai ƙwarin sauro, ya duba masai, ya bi kwata, ya je mahauta ya ce wannan nama ba za a sayar ba a binne shi. In aka ji yana unguwa sai mata su hau share-share da zubar da ruwa. Aikinsa shi ne ya ga abin da mai gida yake ɓoyewa, ya kira ƙazanta da sunanta a gaban mai ita, kunya ba ta cikin kayan aikinsa. Waɗannan mutane Sa'adu ya koyar. In ka riƙe wannan a ranka ka koma ka karanta Waƙar Bidi'a, sai ka ga mutum ne yake bin al'umma ɗaki ɗaki yana buɗe randuna, yana fito da al'adu da camfe-camfen da aka cusa cikin addini ɗaya bayan ɗaya. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa abin ya fi fitowa fili. Yakan lissafa alamun ciwo da ya gani a jikin Arewa, ya kai su ga tushensu, watau jahilci da zalunci da mutuwar zuciya, ya faɗi magani, sa'an nan ya gaya wa sarakuna abin da zai biyo baya in aka ƙi sha, ya buga musu misali da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan ƙasar ta sami mulkin kai a 1947. Haka malamin asibiti na ƙwarai yake yi wa majinyaci mai taurin kai, ya ce masa ga wane can da ya ƙi magani, ga yadda ya ƙare.

Na san malamaina za su ce, ai wannan tsari na wa'azi ne, tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u haka ake yin waƙar gargaɗi, kuma Sa'adu a gidan malamai ya tashi. Ban musa ba, karin waƙoƙinsa da zubinsu daga can ya gado su. Sai dai mai wa'azi na da yakan ajiye sakamako a lahira, ya tsoratar da kai da wuta, ya kwaɗaita maka aljanna. Sa'adu bai bar wannan ba, amma a waƙarsa ta Arewa sakamakon da yake nunawa na nan duniya ne, kuma kusa: za a bar ku a baya, za a mallake ku, sarautar ma za ta kuɓuce. Wannan ido mai auna ciwo ya ce in ba a yi kaza ba nan da ɗan lokaci kaza zai faru, a ganina a wurin aiki ya wasa shi.

Akwai kuma maganar nisa da gida. Rizal daga Turai ya hango Filifin da kyau, gama a Jamus ya ga ana gardama da malamin coci ba a ɗaure kowa ba, sai ya gane abin da ake ce musu ƙaddara ne a gida aikin mutane ne. Sa'adu bai yi irin wannan doguwar zama a Turai ba, amma ga ɗan Bauci a 1934, Ikko ƙasar waje ce, harshe daban, abinci daban, jaridu suna zagin gwamna da safe kuma editan ya kwana a gidansa. Ya sake komawa can a 1948 ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC ta su Dokta Azikiwe. A wannan zama na biyu ya ga yawan lauyoyi da likitoci da 'yan jarida na Kudu, ya kuma ji yadda wasunsu suke kallon ɗan Arewa, ya waiwayo gida ya ga abin da muke da shi. Waƙar Arewa daga wannan waiwaye ta fito. Hausawa sun ce na zaune bai ga gari ba, amma Sa'adu da ya tashi, garinsu ya gani.

Mutanen nan biyu, Dikko da Sa'adu, sun haɗu a inuwa ɗaya na ɗan lokaci. Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, Dokta Dikko aka zaɓa shugaba, Sa'adu da Aminu Kano kuma suna cikin waɗanda aka fara tafiyar da su. Tafiyar ba ta yi nisa ba. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, masu zafin ra'ayi suka koma can, a 1951 kuma jam'iyyar ta rikiɗa ta zama ta siyasa sosai, ma'aikatan gwamnati irin su Dikko dole suka janye. Likita ya koma asibiti da ofis, ya hau har ya riƙe manyan muƙamai a ma'aikatar lafiya ta Arewa, daga baya ya zama kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon, ya rasu a 1977. Ba na raina aikinsa ko kaɗan, wanda ya yi yaƙi da cututtuka a lokacin da likitocin Arewa ba su cika yatsun hannu ba, ba abin rainawa ba ne. Amma in ana neman wanda ya kware wa Arewa zane kamar yadda Rizal ya yi wa Filifin, wurin wanda bai sami takardar ba za a je.

A wuri ɗaya ma ina ganin Sa'adu ya yi wa Rizal fintinkau, kuma wannan ne ya fi shafarmu mu ɗaliban Hausa. Da Sifaniyanci Rizal ya rubuta littattafansa biyu, harshen da kaɗan ne ƙwarai daga cikin mutanen ƙasarsa suke iya karantawa. Yana da dalilinsa, so yake Sifaniya ta ji, 'yan bokon tsibirai masu harsuna daban-daban su ma su ji. Kuma abin ya dame shi, gama ya fassara wani wasan kwaikwayo na Jamus zuwa harshensu na Tagalog, ya ma soma littafi na uku da Tagalog ɗin, ya koma Sifaniyanci, bai gama ba. Saboda haka manomin da aka rubuta littafin dominsa, sai dai a ba shi labari. Sa'adu yana da Larabci, yana da Ingilishi wanda yake rubuta wa jaridu da Razdan takardu masu zafi da shi, amma da ya zo gaya wa Arewa ciwonta, da Hausa ya gaya mata, kuma a waƙe. Waƙa kuwa ba ta bukatar mai ji ya iya boko ko ajami, mutum ɗaya ya haddace ya rera a zaure, mutum 30 sun sha. Maraba da Soja da ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙin Bama, ai sojan da bai taɓa riƙe alli ba ya san da shi ake. Har amsa aka yi masa da irin harshensa, Alhaji Mudi Sipikin ya yi tasa waƙar yana cewa jumhuriya kawai, aka mai da gardamar tsarin mulki abin da mai shayi zai sa baki a ciki.

Na ga amfanin wannan da idona a gidanmu. Kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Roni take, yana ta rufe mata ido biyu har ta daina gane jikokinta sai ta murya. Shekara biyu ana fama da ita a kai ta asibitin ido a Kano tana ƙi, domin ta ji an ce ciro idon ake yi a wanke a tasa a mayar. Ta fi yarda da masu yawo ƙauye ƙauye suna kwantar da yana da tsinke, alhali a garin akwai wanda suka yi wa, ya ga haske na 'yan watanni, daga baya idon ya mutu ɗungum. Jikokinta 'yan boko mun yi bayani mun gaji, takardar da aka ba mu a wani asibiti kuwa da Ingilishi take. Wanda ya shawo kanta wani tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya sa aka kawo fitilar ƙwai, ya ɗora hannunta a kan ƙwan fitilar. Ya ce, “Inna, in hayaƙi ya dafe wannan ƙwai, wutar ta mutu ne?” Ta ce a'a, tana nan ciki. Ya ce, “To, haka naki yake, wutar idonki tana nan. Wata 'yar ƙwaya ce a ciki ta dafe, ita za a zare a sa sabuwa, idon yana wurinsa ba inda za shi.” Ta yi shiru, can ta ce a nemo mota. Likitan da ya yi mata aikin bai fi minti 30 a kanta ba, Allah ya saka masa, amma shekara biyu aikin yana jiran wanda zai faɗe shi da Hausar da za ta shiga.

Ƙarshen mutanen biyu ya bambanta, ko da yake dukansu gyara suka nema. Rizal bai ce a ɗauki makami ba, abin da ya roƙa shi ne a ba Filifin wakilai a majalisar Sifaniya, a sakar wa jaridu mara, a daidaita ɗan ƙasa da Bature a gaban shari'a. Da ya koma gida a 1892 ya kafa wata ƙungiya, cikin 'yan kwanaki aka kama shi aka kai shi Dapitan a tsibirin Mindanawo, can kudu inda Musulmin ƙasar suka fi yawa. Shekara huɗu ya yi a can, ya buɗe makarantar yara, ya jawo wa garin ruwa, yana duba marasa lafiya. A 1896 ya sami izinin tafiya Kyuba ya yi aikin likitan soja, yana hanya tawaye ya ɓarke a gida, aka komo da shi aka ɗora masa laifin, aka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba, yana da shekara 35. Bayan shekara biyu Sifaniya ta rasa tsibiran, Amurka ta karɓe. Sa'adu shi ma ba rushe sarauta ya fara nema ba, gyaranta ya nema, sai da ya ga an toshe kunne ya ƙara matsawa wajen 'yan sawaba. Ba a harbe shi ba, doguwar jinya ce ta cinye shi a hankali, ya rasu a 1958 bai cika shekara 45 ba, saura shekara biyu a sami mulkin kai.

A Filifin an yi doka tun 1956 cewa dole a koyar da rayuwar Rizal da littattafansa a makarantu da jami'o'i, saboda haka mai karatun likita da mai karatun injiniya duk sai sun bi ta kansa. Mu kuwa mun sa sunan Barau Dikko a asibitin koyarwa na Kaduna, mun sa na Sa'adu a jami'ar Jihar Bauci, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi mana littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa tun 1974, amma karatun waƙoƙin mun bar wa 'yan sashen Hausa. Na tambayi abokaina uku masu karatun likita, dukansu 'yan ƙasarmu, ɗaya ne kaɗai ya san Sa'adu ya taɓa aikin lafiya, Barau Dikko kuwa sunan asibiti suka ɗauke shi. Ban ga laifinsu ba, gama mu ma da muke zaune da waƙoƙin ba mu taɓa tsallaka titi mun kai musu ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, in za a shirya taron shekara, a gayyato su, a karanta musu Sa'adu, su kuma su gaya mana yadda suke fama in tsohuwa ta zauna gabansu ta ce jikinta ne yake mata yam-yam.

Ni dai a hutun da ya wuce na koma wurin tsohon malamin asibitin nan da littafin rubutu. Irinsu ba su da yawa yanzu a Kazaure da Roni da Babura da Gwiwa, waɗanda suka koyi aiki a hannun mutanen da su Sa'adu suka koyar, kuma kowanne ya tafi da kalmominsa yake tafiya. Kwana uku muna kan ido kaɗai. Ya rarrabe mini yana da hakiya, ya ce mutane suna haɗa su alhali ɗaya a ciki take ɗaya a waje, ya bayyana mini dundumi da yadda suke sa a ba yaro hanta, da amosanin ido mai juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar har ta dafe. Na cika shafi 14. Da zan tafi ya ce in na dawo hutun damina in zo da babban littafi, gama ba mu taɓa cututtukan fata ba tukuna, su kuwa sunayensu sun fi na ido yawa.